Inuwar Madaci

Lawali ya sake bugun gindin madacin da bayan gatari, ya kara kunnensa a jikin ɓawon. Ƙarar da ta dawo masa irin ta tulun da babu ruwa ce. Ya zagaya ɗaya gefen ya buga, nan ya ji ɗan nauyi, amma ba sosai ba. Ya ja da baya, ya dafe hularsa, ya ɗaga kai.

Ya daɗe yana sana'ar yanka itace da inji a Gusau da kewayenta, amma bai cika haɗuwa da madaci mai wannan tsawo ba. Tsawa ce ta faɗa masa a ruwan makon jiya, ta tsaga shi daga sama har kusan tsakiya, ta bar baƙin tabo kamar an zuba masa kwalta. Tun ranar aka hana yara shiga azuzuwan da ke kusa da shi.

"Yaya ka gani?" in ji Malam Bello, hedimastan makarantar, wanda ya aika aka ɗauko Lawali zuwa wannan ƙauye na bayan Bungudu.

"Cikinsa ya ruɓe tun kafin tsawar, Malam. Iska mai ƙarfi ɗaya ta ishe shi."

"Shi ya sa muka ce yau ɗin nan."

Lawali ya duba ta ko'ina. Yamma da iccen azuzuwa ne. Kudu masallaci ne da rijiyar burtsatse. Arewa gidaje ne a cunkushe. Gabas kaɗai ke da sarari, filin ƙwallon yara ne, amma a ƙarshen filin akwai wani gida mai dangar kara, da rumbuna biyu tsaye a bakinsa. Ya kalli iccen, ya kalli rumbunan, ya sake kallon iccen. Idonsa ya ce masa kan iccen zai kai rumbunan.

Kafin ya buɗe baki, wata tsohuwa ta tsallako filin tana dogara sanda, zanenta ɗaure a ƙirji, mayafi a ka. Malam Bello ya rage murya ya ce, "Inna Asabe ce, mai gidan can."

"Kai na mai injin?" ta tambaya bayan sun gaisa.

"Ni ne, Inna."

"To ka ga rumbun can na dama? Geron bana na ciki. Gonarmu ta daji ba mu samu zuwa ba, kowa ya san dalili. Ɗan abin da muka noma nan bayan gari, ni da jikokina, shi ke nan. In wanga icce ya taɓa shi, ban san mi za mu ci ba har wata damina."

"Ba zai taɓa ba, Inna, in sha Allahu."

"Ka ce in sha Allahu, amma idonka bai ce ba."

Gaskiya ta faɗa. Hanya ɗaya ya sani: ya hau, ya rage wa iccen kai, sannan ya kayar da sauran. Ya sha yin haka. Amma bai taɓa hawa iccen da tsawa ta tsaga ba, kuma mutumin da ya koya masa aikin yau yana zaune a ƙofar gida a Sabon Gari, ƙafa ɗaya ba ta lanƙwasuwa, saboda reshen da ya yarda da shi. Ya tuna Ladidi matarsa da jaririyar da ko arba'in ba ta yi ba. Ya durƙusa ya fara kwance igiyar hawa, hannunsa na aiki a hankali fiye da yadda ya saba.

Can ƙarƙashin darbejiya, nesa da madacin, 'yan aji huɗu ne da malamarsu, tunda ajinsu na cikin waɗanda aka rufe. Sun zana gidaje a ƙasa da lambobi a ciki. Malamar takan kira tambaya, yaro ya yi tsalle da ƙafa ɗaya zuwa gidan amsar, sauran su ɗauki ihu. Wani ya dira a gidan da ba shi ba ne, aka fashe da dariya, shi ma yana dariya ya koma layi.

"Malama Hanatu ke nan," in ji Malam Bello, yana girgiza kai. "Kullum wasa. Iyaye sun zo mini sun ce lissafi suka turo yara koyo, ba tsalle ba. Amma kuma ajinta ne kaɗai ba ya watsewa ranar kasuwa. Ban san abin da zan ce mata ba."

Yaran sun hango Lawali yana ɗaura igiya a ƙugu. Wasan ya tsaya. Wata yarinya siririya mai farin hijabin da ya yi mata yawa ta je ta yi wa malamar raɗa, malamar ta dubi iccen, ta dubi filin, sannan ta kamo hannun yarinyar suka taho.

"Sannu da aiki, Malam," in ji Malama Hanatu. "Fiddausi ce ke da magana. Jikar Inna Asabe ce. Faɗa masa."

Yarinyar ta durƙusa ta gaishe shi, idonta a ƙasa. "Baba, wai don ka san inda kansa zai kai za ka hau?"

"Don kada ya kai rumbunku zan hau."

"Ba sai ka hau ba. Inuwa za ta faɗa mana tsawonsa."

Lawali ya dubi malamar, yana jiran ta yi dariya. Ba ta yi ba.

"Wani wasa ne muke yi, kama-inuwa muke ce masa," ta ce. "Ka san inuwa da safe doguwa ce, da tsakar rana ta gajarce, da yamma ta sake miƙewa. To a tsakani akwai lokacin da inuwar kowane abu take yin daidai da tsawonsa. Mu kafa kara a ƙasa. Idan inuwar karan ta yi tsawon karan, to inuwar madacin ma ta yi tsawon madacin. Rana ɗaya ce take haska su. Kuma da yamma inuwar tasa cikin filin nan take kwanciya, inda kake so ya faɗi."

"Kara daban, madaci daban, Malama."

"A wurin rana duk ɗaya ne. Mun auna sandar tutar makaranta da haka, aka sauke ta don fenti, muka gwada da igiya, ya yi daidai."

"Yaushe ne lokacin?"

"Dab da la'asar."

Nan ne matsalar. Ɗan kabu-kabun da ya kawo shi daga bakin titi ya gaya masa ƙarara ba ya bin wannan hanya idan rana ta yi ja. In zai hau, yanzu ya kamata ya fara. In ya jira har la'asar inuwa ta ce iccen zai kai rumbun, ranar ta tafi a banza, ga kuma hadari yana haɗuwa can ƙasa-ƙasa ta gabas. Iskar gabas kuwa kan azuzuwa za ta tura shi.

Ya ɗaga kai ya sake kallon tsagar. Wani ɗan ɓawo ya ɓalle da kansa daga sama, ya faɗo kusa da ƙafarsa, babu iska babu komai. Ya kwance igiyar daga ƙugunsa.

"Za mu jira," ya ce.

Bayan azahar yaran suka dawo, kuma ba su kaɗai ba. Labari ya zaga gari cewa 'yan aji huɗu za su auna madaci ba tare da sun taɓa shi ba. Maza suka jeru a jikin bangon masallaci, mata suka tsaya ta bakin dangogi, masu tallar gyaɗa suka sauke farantansu. Wani ya ce aikin banza ne. Wani ya ce a bari a gani.

Malama Hanatu ta raba yaran uku. Kashi na farko suka sami wuri mai laushi da shimfiɗa, suka kafa karan dawa miƙaƙƙe, suka rataya dutse a zare kusa da shi don su tabbata bai karkace ba. Suka yanki zare daidai tsawon abin da ya fito na karan, suka ɗaura a gindinsa, suka zagaya da tsinke a bakin zaren har da'ira ta fito a ƙasa. Inuwar karan tana cikin da'irar, ba ta kai layi ba tukuna. Kashi na biyu suka tafi cikin filin ƙwallo da turke da dutsen bugu, suna bin kan inuwar madacin. Kashi na uku kuwa suka kewaye Lawali.

"Baba, tsaya nan," in ji Fiddausi. Kunyar ɗazu ta sake ta. "Miƙe sosai. Kar ka motsa."

"Ni kuma me na yi?"

"Kai ma za mu auna ka, don ka yarda."

Mutane suka yi dariya. Lawali ya tsaya, rana na dukan ƙeyarsa, wani yaro ya ja layi a bayan dugadugansa. Ya ji kansa kamar wanda za a ɗauka hoto.

Limamin garin, dattijo mai farin gemu, ya fito daga masallaci da butarsa, ya tsaya a kan karan yana kallo. Ya tambayi malamar abin da ake jira, ta gaya masa.

"Ikon Allah," ya ce. "Ai wannan muna da shi a karatu. Idan inuwar abu ta kai tsawonsa, aka ƙara ɗan abin da ya saura na tsakar rana, la'asar ta shiga. Kafin agogo ya yawaita, da sanda mahaifina yake duba ta. Tun ina yaro nake kallon inuwar nan don salla. Ban taɓa tunanin tana auna icce ba."

Ya ajiye butar, ya tsuguna kusa da yaran.

Lawali bai taɓa tsayawa ya kalli inuwa tana tafiya ba. Ashe tana tafiya. Daga inda yake yana hango kan inuwar madacin yana rarrafe a kan ciyawa, a hankali, ya wuce tsakiyar fili, ya doshi rumbunan, yaran da ke riƙe da turke suna ja da baya a gabansa. Tasa inuwar ma tana ƙara tsawo a gabansa, ta hau kan wani ɗan dutse, ta sauka. Inna Asabe ta tsaya a jikin rumbunta, tafin hannunta a kan laka.

"Saura yatsa biyu!" wani yaro ya yi kira daga wurin karan.

Sai wani guntun girgije ya rufe rana. Inuwoyin duka suka narke, ƙasa ta zama launi ɗaya. Yaran suka yi ƙara. Wata ƙaramar yarinya ta ɗaga hannu biyu tana kora girgijen kamar mai korar kaji.

"Kowa ya tsaya inda yake," in ji Malama Hanatu. Muryarta ba ta rawa, amma Lawali ya ga yadda ta damƙe gefen hijabinta. "In ya wuce mu, ya wuce. Ba za mu yi ƙarya ba."

Gefen girgijen ya yi haske kamar an kunna masa wuta. Rana ta fito. Inuwar karan ta dawo, bakinta a kan layin da'irar.

"Ta kama!" yaran suka yi ihu gaba ɗaya. "Ta kama!"

Can cikin fili aka ji bugun turke. Fiddausi ta ɗora dutse a kan inuwar hular Lawali.

"Yanzu kwanta, Baba. Dugaduganka a kan layi."

Ya dubi jama'a. Ya juya, ya shimfiɗa bayansa a ƙasa inda inuwarsa take, ƙaton mutum mai 'ya'ya huɗu, ya miƙe ƙafafu. Sai ya ji wani abu mai tauri ya taɓa saman hularsa. Ya kai hannu ya shafa. Dutsen ne.

Bai tashi nan da nan ba. Yana kwance yana kallon sama, yana jin kabbarar mutane kamar daga nesa. Rana tana can inda ba wanda zai kai, amma ta san tsawonsa, ta san na kara, ta san na madaci, ta rubuta su duka a ƙasa lokaci guda, kuma haka take yi kullum tun kafin a haife shi, yana takawa yana wucewa.

Da ya miƙe, ya tafi wurin turken ba tare da ya kaɗe rigarsa ba. Tsakanin turken da rumbun Inna Asabe akwai sarari, kamar tsawon mutum uku a kwance. Idonsa ya ce masa da safe kan zai kai. Turken ya ce ba zai kai ba.

"Malama," ya ce, "akwai abu ɗaya. Icce yana tsalle. Idan ya ɓalle daga kututture yakan zamo gaba kafin ya kwanta. Wannan da nauyinsa zai iya yin tsawon mutum guda."

"Wannan ban sani ba," ta ce. Ta juya ga yaran. "Kun ji? Muna da uku, tsalle ya ci ɗaya. Saura nawa?"

"Biyu!"

Aka ɗauko dutse aka ajiye gaban turken, inda Lawali ya nuna da ƙafa.

Bayan sallar la'asar aka kore kowa zuwa bayan masallaci. Inna Asabe ta ƙi matsawa daga rumbunta sai da Fiddausi ta je ta ja ta da hannu. Lawali ya jefa igiya a wani reshe na ƙasa, ya ba wasu samari ƙarshenta, ya tsayar da su can gefe inda ko ganye ba zai same su ba. Ya zaɓi wurin yanka daidai tsayin ƙugunsa, inda itacen ya fi tauri. Ya yi bisimilla ya ja injin.

Ya fara yanke baki ta gabas, yana tsayawa yana saita shi da turken, ido ɗaya a rufe. Garin itace ja ya rufe masa hannuwa, ɗacinsa ya cika masa baki. Ya koma ta baya. Da injin ya shiga ruɓaɓɓen cikin sai ƙararsa ta sauya, ya yi sauƙi fiye da kima, Lawali ya janye da sauri, ya bar gefe biyu masu lafiya su riƙe. Ya ɗan ƙara nan, ya ɗan ƙara can. Sai ya ji abin da yake jira, wata 'yar ƙara daga cikin iccen kamar an karya ƙashi.

"Ku ja!"

Ya kashe injin ya gudu baya. Madacin ya tsaya kamar yana shawara. Sannan samansa ya motsa. Ya fara tafiya a hankali, tsuntsaye suka watse daga cikinsa, wani yanki na sama da ba wanda ya taɓa gani daga nan ya buɗe. Ya ɓalle daga kututturen, ya zamo, ya faɗi. Ƙasa ta girgiza har cikin haƙoran Lawali. Ƙura da ganye suka turnuƙe filin, rumbunan suka ɓace.

Ƙurar ta lafa a hankali. Rufin rumbun dama ya fara bayyana, sannan na hagu, dukansu a tsaye.

Yaran ne suka fara gudu. Lawali ya bi su. Rassan sama sun binne turken. Tsinken ƙarshe, mai ɗanyen ganye, ya kwanta bai kai dutsen da ya sa aka ajiye ba da kamar taƙi ɗaya na hannu.

Liman ya tsaya a kai yana ta maimaita tasbihi. Inna Asabe ta zagaya rumbunta tana shafa shi, sannan ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da mayafi. Malam Bello ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya dubi Malama Hanatu.

"Wasan nan," ya ce, "'yan aji biyar ma za su iya?"

"Har 'yan aji uku, Malam."

Rana ta fara sauka. Ɗan kabu-kabu yana ta danna oda a bakin makaranta. Lawali ya ce zai dawo ya yayyanka gungumen, ya naɗe igiyarsa, ya ɗaure injin a buhu. Har ya kai wurin babur ya tsaya, ya juyo. Karan dawan yana nan tsaye a tsakiyar da'irarsa, ƙafafun jama'a sun share rabin layin.

"Fiddausi," ya kira. "Akwai wata giginya da zan kayar a Tsafe, kusa da shagunan mutane. Za ki ba ni karan nan?"

"Baba, ai kowane kara ma yana yi. Ko sanda."

"Na ji. Wannan ɗin nake so."

Ta tuge shi, ta naɗe zaren a jikinsa, ta miƙa masa da hannu biyu.

A bakin titin Bungudu ya samu motar Gusau saura mutum ɗaya. Kwandasta ya karɓi buhun injin ya cusa a but, ya miƙo hannu zai karɓi karan.

"Bar wannan," in ji Lawali.

Ya shiga ya zauna a takure, ya tsayar da karan tsakanin gwiwoyinsa, yana kare shi da hannu kada buhun maƙwabcinsa ya karya shi. Mutumin, wani ɗan kasuwa mai babbar riga, ya dubi karan, ya dubi Lawali da jan garin itacen da ke gemunsa.

"Malam, kara kake kai wa Gusau? Can babu ne?"

Lawali ya gyara masa zama.

"Kayan aiki ne," ya ce.